Mai Fassara Ba Ɗan Dako Ba Ne

To, na ga bidiyon taron ranar Asabar, inda wani babban malami ya kushe aikin wata yarinya mai fassara waƙa. Tun shekaranjiya ake ta turo mini shi, wasu na cewa in kama bakina tunda babba ne ya yi maganar, wasu na jiran su ji ta bakina. Ga ta bakina: maganar nan kuskure ce, kuma kuskure mai cutarwa, domin a gaban yara masu tasowa aka yi ta. Yarinya ta kwashe watanni tana fama da waƙar wani harshe har ta samu ta zauna daram a Hausa, ta miƙe a gaban jama'a ta karanta, sai a karɓi makirufo a ce mata "mai fassara ɗan dako ne, kayan wani ya ɗauko", a kuma cire sunanta daga jerin waɗanda za a buga aikinsu? Kuma zaure ya ɗauki tafi. Wallahi tafin nan ya fi maganar ƙona mini rai.

Allah gafarta Malam, girmanka na nan a idona, ban taɓa shi ba. Amma a nan ba ka yi adalci ba, kuma hujjar da ka kafa ta fi hukuncin rauni. Ka ce Turawa sun yi nisa a adabi ne don su ƙirƙira suke yi, mu kuwa ɗauko na wasu muke yi. Tunda Turawa ka kawo, bari in kawo maka Bature ɗaya, daga can ƙuryar arewacin Turai, wanda mutanen ƙasarsa ke sa shi a sahun farko na marubuta waƙarsu a ƙarni na 20. A duba rayuwarsa a gaya mini inda ƙirƙira ta rabu da fassara.

Sunansa Gunnar Ekelöf. An haife shi a Stockholm, babban birnin Suwidin, ranar 15 ga Satumba 1907, a gidan masu hali. Mahaifinsa dillalin hannun jari ne, amma ciwon tunjere ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya yi shekaru ba ya cikin hayyacinsa, ya mutu a 1916 yaron bai kai shekara 10 ba. Ya tashi a gida mai dukiya amma babu daɗi, ya girma yana jin kansa baƙo a tsakanin mutanensa. Da ya gama sakandare, hankalinsa bai tsaya a Turai ba. A 1926 ya tafi Landan, makarantar koyon harsunan Gabas, daga nan ya koma Jami'ar Uppsala ya kama Farisanci. Bai kammala ko ɗaya ba. Mutumin nan bai fita jami'a da digiri ba sai na girmamawa da Uppsala ta ba shi a 1958.

Amma a wannan ɗan zaman karatun ne ya ci karo da littafin da ya juya masa tunani. Ba na Bafaranshe ba ne, ba na Bajamushe ba. Tarjumanul Ashwaƙ ne na Muhyiddin Ibnu Arabi, wanda aka haifa a Mursiya ta Andalus a 1165 ya rasu a Dimashƙa a 1240. Waƙoƙin bege ne da ya yi a Makka, waɗanda har wasu suka zarge shi da cewa soyayyar duniya ce zalla, ya zauna ya rubuta musu sharhi da kansa don ya nuna abin da ke ƙarƙashin lafazin. Reynold Nicholson ya fassara littafin zuwa Turanci a 1911, wannan ne ya buɗe shi ga masu karatu a Turai. Ekelöf da kansa ya shaida cewa littafin ya daɗe yana matsayin wanda ya fi so, kuma daga gare shi ya fara fahimtar waƙar ishara, wadda take faɗin abu tana nufin abin da ya fi shi zurfi. Ku lura da sarƙar nan da kyau: Balarabe ya rubuta, Ba'ingile ya fassara, saurayi ɗan Suwidin ya karanta, waƙar ƙasarsa ta sauya hanya. A cire mai fassara daga tsakiya, a gaya mini abin da ya rage.

A 1929 ya tafi Paris da niyyar koyon kiɗa. Kiɗan bai yiwu ba, waƙa ta yiwu. A can ya rubuta yawancin abin da ya zama littafinsa na farko, sent på jorden, wato "a makare a doron ƙasa", wanda ya fito a 1932. Littafi ne mai duhu, har shi kansa ya kira shi littafin mai son kashe kansa. Babu amsa-amo irin wanda aka saba, babu kari irin wanda aka saba, ko manyan baƙaƙe bai kula su ba, shi ya sa sunan littafin ma da ƙaramin baƙi ya fara. Yawancin masu sharhi na lokacin ba su gane shi ba, wasu suka mai da shi abin dariya. A shekarar ce kuma sarkin ashana na duniya, Ivar Kreuger, ya mutu a Paris, kamfanoninsa suka rushe, dukiyar dubban mutane ta bi ruwa, har da gadon Ekelöf. Ɗan masu kuɗi ya wayi gari sai da alƙalami zai ci abinci.

Me ya yi da aka ƙi gane waƙarsa? Wannan shi ne gurbin da nake so matasanmu su tsaya su duba. Bai zauna zagin masu karatu ba. Ya gane cewa mutanensa ba za su ji abin da yake yi ba matuƙar ba su ji abin da shi ya ji ba, sai ya kama kawo musu. A 1932 ya fassara babban littafin ƙagaggen labari na marubucin Faransa André Gide, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel a 1947. A 1933 ya fitar da kundin fassarar marubutan Faransa masu salon suriyalizim, waɗanda ke sakar wa mafarki da abin da ke ɓoye a zuciya linzami a cikin rubutu. A 1934 ya fitar da wani kundin da ya tattara sabuwar waƙar Faransa ta shekara 100. Shekara uku a jere, mutum ɗaya, yana gina wa harshensa kunnen da zai saurari sabon abu. Kuma yana cikin yin haka ne hannunsa ke nuna. Duk wanda ya taɓa zama da baitin wani yana neman yadda zai faɗe shi a harshensa ba tare da ya kashe shi ba, ya san babu makarantar da ta kai wannan tsanani. A waƙarka kana iya kauce wa abin da ya gagare ka, ka canza magana, ba wanda zai sani. A waƙar wani babu wurin gudu. Abin da ya faɗa sai ka faɗa, da nauyinsa, da numfashinsa, a harshen da ba shi da kayan aikin da shi ya yi amfani da su. Ɗan dako yana sauke kaya yadda ya ɗauke su. Mai fassara sai ya wargaza abin gaba ɗaya ya sake gina shi da ƙasar garinsu. Ina haɗin?

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Mujallar da ya yi aiki da ita a lokacin, Spektrum, ita ce ta buga fassarar doguwar waƙar T. S. Eliot, sha'irin Turanci, da Karin Boye da Erik Mesterton suka yi a 1932. Karin Boye ɗin nan har gobe ana haddace waƙoƙinta a Suwidin. Waɗanda suka biyo baya a shekarun 1940, irin su Erik Lindegren da Karl Vennberg, su ma masu fassara ne. Sabuwar waƙar Suwidin kacokan a kan teburin fassara aka haife ta. Harshe ne na mutum kusan miliyan 10. Masu jin Hausa sun ninka su ninki-ba-ninki. Su da suke 'yan kaɗan sun gane cewa harshe ba ya girma sai yana cin abin da ke wajensa, mu da muke da yawa muna korar masu kawo mana.

Na san abin da za a ce, don an riga an fara rubuta mini. Wai ai Bature ne, ba Musulmi ba, mashayi ne ma. E, giya ta wahalar da shi, ba ɓoyayyen abu ba ne, kuma ba a kan tafarkinmu ya rayu ba. To sai me? Ni ban kawo shi don a bi shi salla ba. Magana ake a kan ko fassara aikin marubuci ce, kuma Malam ne ya fara kiran Turawa shaida. Wani kuma ya ce ai don yunwa ya yi fassara, da Kreuger bai karye ba da bai yi ba. Wannan ma ba ta tsaya ba. A 1958 aka zaɓe shi cikin Majalisar Adabi ta Suwidin, mai kujeru 18 kacal, wadda Sarki Gustav na III ya kafa a 1786, wadda kuma ita ke zaɓen wanda zai ci Nobel ta adabi. Ya hau kujera ta 18. Bayan wannan ɗaukaka, a 1960, me ya fitar? Wani kundin fassara, na marubutan da yake jin su 'yan'uwansa ne na zaɓi. Mutumin da ya kai ƙololuwa bai ji kunyar sa sunansa a kan fassara ba, mu ne za mu sa 'yar shekara ashirin da 'yan kai ta ji kunya?

A 1960 ɗin ne kuma ya saki En Mölna-elegi, doguwar waƙar da ya yi sama da shekara 20 yana saƙa ta. Ku buɗe ta ku gani: a shafukan hagu ya jera Latin da Girkanci, har da rubuce-rubucen da mutanen Pompeii suka yi a jikin bango kafin dutse ya yi aman wuta ya binne garin, a shafukan dama kuma harshen Suwidin na tafiya da muryoyin kakanninsa da na tsofaffin marubutan ƙasarsa. Aikin da ake lissafawa cikin manyan ayyukansa, rabinsa muryar wasu ce, amma ba wanda ya karanta ya ce ba nasa ba ne. Zaɓen abin da za a ɗauko, da sanin inda za a ajiye shi, da sa shi ya yi magana da abin da ke kusa da shi, duk wannan ƙirƙira ce.

Akwai labarin da in na tuna shi nake jin wani abu a ƙirjina. Nelly Sachs Bayahudiya ce 'yar Berlin. A watan Mayu 1940 ta tsere daga hannun 'yan Nazi ita da tsohuwar mahaifiyarta, suka sauka a Stockholm ba su da komai. Ta kusa shekara 50, ba ta jin harshen ƙasar. Ta koya, ta kama fassara waƙoƙin marubutan Suwidin zuwa Jamusanci tana ciyar da kanta da mahaifiyarta a ɗan ƙaramin ɗaki. Cikin waɗanda ta fassara har da Ekelöf. A cikin wannan aiki ne muryarta ta sauya, ta bar tsohon salon da ta taso da shi, ta samu harshen da za ta iya yin makokin mutanenta da aka hallaka. Daga baya Ekelöf ya rama mata, ya fassara waƙoƙinta zuwa harshen Suwidin, littafin ya fito a 1966, shekarar da ta ci Nobel tare da S. Y. Agnon. Ita ta kai shi ga Jamusawa, shi ya kai ta ga mutanensa. A cikin su biyun wane ne ɗan dakon? A ba ni amsa.

Sai ƙarshen rayuwarsa, inda abin da ya shuka yana saurayi ya yi 'ya'ya. A 1965 ya je Istanbul shi da matarsa Ingrid. Ya ziyarci wani tsohon wurin ibadar Kirista a unguwar Blachernae, inda fadar sarakunan Rum ta Gabas take a da. Abin da ya gani ya taɓa shi, ya koma masauki waƙoƙi suka ɓalle masa, ya rubuta tari a dare ɗaya, cikin 'yan makonni littafi ya haɗu. Ya sa masa suna Dīwān över Fursten av Emgión, diwanin wani yarima da ya ƙago, mai tsaron iyaka tsakanin daular Rum da ƙasashen Musulmi a ƙarni na 11, zamanin yaƙin Manzikert na 1071, wanda aka ɗaure aka azabtar aka makantar, yana magana daga cikin duhu. Littafin ya ci kyautar adabi ta Majalisar Ƙasashen Arewacin Turai a 1966. A shekarar ya biyo da Sagan om Fatumeh, labarin wata mace da aka so aka yasar, sannan Vägvisare till underjorden a 1967. Yana rubuta na ƙarshen nan ciwon daji na cin maƙogwaronsa. Ya mutu a Sigtuna ranar 16 ga Maris 1968, aka kai tokarsa Sardis ta ƙasar Turkiyya kamar yadda ya bar wasiyya. Kusan shekara 40 tsakanin saurayin da ya karanta Ibnu Arabi da dattijon da ya rubuta diwaninsa. Ba zan ce muku aƙidar da ke cikin littattafan nan ta Musulunci ce ba, ya cakuɗa abubuwa da yawa yadda ya ga dama. Abin da nake cewa shi ne, da bai shafe rayuwarsa yana shiga rigar wasu marubuta yana fita ba, da ba zai iya shiga jikin makahon yarima ya yi magana da bakinsa har mai karatu ya ji tsikar jikinsa ta tashi ba.

Ni kaina ta hannun wa na same shi? Ta hannun W. H. Auden da Leif Sjöberg, waɗanda suka fitar da zaɓaɓɓun waƙoƙinsa da Turanci a 1971. Auden ɗin nan, ɗaya daga cikin manyan marubuta waƙar Turanci na zamaninsa, ya zauna da ɗan ƙasar ya yi aikin baiti-baiti. Ba wanda ya ce ya zubar da girmansa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ba ma sai mun je Suwidin ba. Malam ya fi ni sanin abin da zan faɗa. Tabbat Haƙiƙa da ake rerawa har yau, da Fulatanci Shehu Usmanu ya yi ta, Nana Asma'u ce ta mai da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Wa zai iya tsayawa a Sakkwato ya kira Nana Asma'u 'yar dako? Ita da ke rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana juya aiki daga wannan zuwa wancan don matan ƙauye su samu rabonsu? Karin da rubutacciyar waƙarmu ke tafiya a kai, Kamil da Basiɗ da Mutaƙarab da sauransu, daga arulin Larabawa malamanmu suka ɗauko suka hore shi ya bi Hausa. Karatun zaure fa? Malami ya ja baitin Ishiriniya ko Burda, ya ba da Hausarsa kalma-kalma, almajiri ya maimaita. A wannan zaman ne manyan sha'iranmu suka koyi auna magana. Magana Jari Ce da muke alfahari da shi, kowa ya san Abubakar Imam ya ɗebo daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Turai, ya sa musu rawani da babbar riga har ba ka gane baƙi ne. In aka bi hukuncin da aka yanke ranar Asabar, rabin tarihin adabinmu sai an cire sunansa daga jeri.

Masu cewa yanzu ai na'ura na fassara a cikin daƙiƙa, ba zan ɓata lokaci a kanku ba. Ku ɗauki baiti ɗaya na Imfiraji ku ba ta, ku karanta abin da ta fito da shi da ƙarfi a gaban mahaifiyarku. In ta ji abin da take ji in ana rera na Aliyu Namangi, ku dawo mu yi magana.

Ba na neman a ba kowa haƙuri a bainar jama'a, ba na son a ci mutuncin kowa, kuma waɗanda ke zagin Malam da sunan goyon bayana su daina, ba ni na aike su ba. Abin da nake nema ƙarami ne. A mayar da sunan yarinyar nan. A buga aikinta, a rubuta sunan mai waƙar na asali, a rubuta nata a ƙarƙashi da baƙi mai girma ɗaya. In fassarar ba ta yi kyau ba, a ce ba ta yi kyau ba, a nuna mata baitin da ya karye, wannan gyara ne kuma za ta gode. Amma a ce aikin kansa ba rubutu ba ne, wannan ba zan yarda ba ko daga bakin wa ya fito. Ke kuma ƙanwata, in kina karanta wannan, kada ki ajiye. Ki ɗauko ta biyu.

Af, tunda na ambaci majalisar nan mai kujeru 18: wanda ke kan kujera ta 17 lokacin da Ekelöf ya shiga, wato maƙwabcinsa, shi ne Dag Hammarskjöld, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na wancan zamani. Yana tsakiyar rikicin Kwango, inda sojojin Nijeriya ma suka je aikin kiyaye zaman lafiya, amma yana samun lokacin fassara. Shi ya mai da wata doguwar waƙar sha'irin Faransa Saint-John Perse zuwa harshen Suwidin a 1960, kuma lokacin da jirginsa ya faɗi kusa da Ndola, a Zambiya ta yau, cikin daren 17 zuwa 18 ga Satumba 1961, ya mutu yana kan fassara wani littafin masanin falsafa Martin Buber.